Shaye-shaye da Ciwon Ƙwaƙwalwa: Yaushe Lamari Ke Wuce Nasiha Ya Zama Na Likita?

Yaushe ya kamata iyali su daina cewa "ƙuruciya ce, zai bari," su ɗauki ɗansu su kai shi gaban likita? Kuma yaushe baƙin cikin da ake ce wa mutum ya yi haƙuri da shi yake zama ciwon da haƙuri kaɗai ba ya warkarwa?

Duk sanda hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, ta baje katan-katan na tiramol da ta kama, ko aka ji wani matashi ya illata na gida cikin maye, sai muhawara ta kaure a rediyo da Facebook. Wannan ya ce laifin iyaye ne, wancan ya ce 'yan siyasa ne ke saya musu, wani ya ce a tsananta hukunci. Ana gamawa kowa ya kama gabansa, a bar uwar da ke kulle ɗakinta da dare don tsoron ɗan cikinta, ba ta san inda za ta dosa ba.

A ganina babbar matsalarmu ita ce mun kai ma'aunin nesa da yawa. Ba ma yarda abu ya zama na asibiti sai mutum ya fara duka, ko sambatu, ko tsince-tsince a bola. Alhali kafin a kai nan, galibi an yi shekaru ciwon yana nuna kansa, mu kuwa muna cewa taurin kai ne, lalaci ne, rashin tawakkali ne, ko sammu aka yi masa.

## Mutum nawa ake magana a kansu

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wata ƙwaya cikin shekara guda, ban da sigari da giya. Miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 magungunan kashe zafi irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari na kwalba. A cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. A jihar Kano adadin ya kai kashi 16 cikin 100.

Lissafin da ya fi shafar maganarmu shi ne wannan: ɗaya cikin biyar na waɗannan mutane, wato kusan miliyan 3, lamarinsu ya riga ya zama ciwo. Ma'ana ba duk wanda ya taɓa ɗanɗanawa ne majinyaci ba, amma waɗanda suka kamu ɗin sun fi ƙarfin faɗa da bulala. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan wani binciken BBC. Hanin ya rage kwalabe a kanti, sai dai bai cire ƙishirwar daga jikin wanda ya riga ya kamu ba. Kuma likitocin ƙwaƙwalwa da ke ƙasar, a adadin da aka fi ambata, ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200.

## Sha daban, kamuwa daban

Ɗauki misalin mai a-daidaita-sahu da ya fara da tiramol ƙwaya ɗaya don ya jure zama tun asuba har isha, ya haɗa balas ɗin mai mashin ya samu na cefane. Watannin farko yana ganin ya samu abokin aiki. Sannu a hankali ɗaya ta daina yi masa, sai biyu, sai uku. Ranar da ya wayi gari babu, sai hamma da hawaye da majina, gumi na karyo masa, gaɓoɓi kamar an daddake shi, ciki na murɗawa, ƙafarsa ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Yana haɗiya, cikin ɗan lokaci ya dawo daidai. A wannan mataki ba don daɗi yake sha ba, don ya iya miƙewa ne kawai. Ƙwaƙwalwarsa ta saba da ƙwayar har ta rage aikinta na kanta, shi ya sa in aka janye, jiki ke tayar da ƙayar baya.

Tiramol na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma likita ba ya bari a wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a bayan fage sau da yawa 225 ne. Ƙwaya biyu kacal sun zarce iyaka, kuma idan ya yi yawa a jiki yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ka tuna wannan mutumin fasinja yake ɗauka.

Likitoci ba yawan abin da aka sha suke fara tambaya ba. Abin da suke nema shi ne ko linzamin yana hannun mutum har yanzu. Ya sha fiye da yadda ya yi niyya? Ya yi rantsuwa zai daina, wataƙila har da Alƙur'ani, ya kasa? Yininsa na tafiya wajen nema da sha da farfaɗowa? Ya bar makaranta ko shago ko majalisar da ya saba? Ya ga yana cutar da shi, aurensa na tangal-tangal, amma ya ci gaba? Ma'aunin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka tsara, wanda ake aiki da shi a ƙasashe da dama, yana da alamomi 11. Biyu daga ciki a tsawon wata 12 sun isa a ce akwai matsala, shida zuwa sama kuwa ta yi tsanani. Babu inda aka shardanta sai mutum ya yi sata ko ya fita hayyacinsa.

Na mata ya fi ɓuya, domin a ɗaki ake yi. Wata da ƙwayoyin sa barci irin su roci ko diyazafam ta fara don ta samu barci bayan mutuwar aure ko rikicin kishiya, wata a gidan biki ƙawaye suka koya mata. Abin da na gida za su gani shi ne barcin rana mai nauyi, magana na jan harshe, mantuwa, atamfa da sarƙa na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma masu sikila da aka fara yi wa allurar kashe zafi ta fentazosin, wadda ake ce wa fenta, saboda ciwo na gaskiya, har ta kai suna yi wa kansu, cinya da hannu duk tabo da gyambo. Irin waɗannan ba 'yan iska ba ne, ciwo ne ya haifi ciwo, kuma suna buƙatar likitan da zai duba duka biyun.

## Damuwar da ta wuce "yi haƙuri"

Baƙin ciki ba ciwo ba ne. Wanda aka yi wa rasuwa, ko kasuwa ta karye masa, dole ya shiga ƙunci, kuma ta'aziyya da addu'a da zaman 'yan'uwa su ne maganinsa. Inda likita ke shigowa shi ne idan ƙuncin ya zauna kusan kullum, yawancin yini, har mako biyu ko fiye, sannan ya hana mutum tafiyar da rayuwarsa. Abin da yake so a da ya fita daga ransa, abinci ba ya shiga, ya farka tun ƙarfe uku barci ya ƙi dawowa, yana ganin kansa kaya ne a wuyan mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 5 cikin 100 na manya a duniya suna fama da wannan.

A wajenmu da wuya mutum ya ce "ina cikin ciwon damuwa." Cewa zai yi kansa na zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, zuciyarsa na bugawa, wani abu na yi masa yawo a jiki. Sai a tafi kemis, a sha maganin maleriya, a sha na taifot, a ƙara ruwa, bayan wata guda a sake. Duk wanda aka yi wa gwaji sau biyu sau uku ba a ga komai ba, amma yana ramewa yana janye jiki, ya kamata wani ya zauna ya tambaye shi abin da ke ransa.

Akwai mai akasin haka: ya kwana uku bai runtsa ba kuma bai gaji ba, magana ba tsayawa, ya rabar da jarinsa, ya ce an ba shi wani babban aiki da zai gyara duniya. Akwai kuma wanda ke jin muryoyin da babu mai jinsu sai shi, ko ya daina cin abincin gida don yana zargin ana zuba masa guba. Wannan na ƙarshe ya fi farawa daga ƙarshen samartaka zuwa shekaru ashirin da wani abu, kuma a hankali yake shigowa: yaro mai ƙoƙari ya daina zuwa aji, ya daina wanka, ya kulle kansa a ɗaki, yana murmushi shi kaɗai. Wiwi, musamman mai ƙarfi, na iya tayar da shi ga wanda ke da saurin kamuwa. An kuma tabbatar cewa gwargwadon daɗewar da aka yi ba a fara magani ba, gwargwadon wahalar dawowa daidai.

Kada a manta da mutanen da suka fito daga hannun 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, ko suka tsere wa Boko Haram a Borno da Yobe. Wani ƙarar babura kaɗai zai ji ya zabura ya nemi maɓoya, dare ya yi abin da ya gani ya dawo masa kamar yanzu ake yi. Idan haka ta wuce wata guda ba ta lafa ba, akwai magani, kuma yawancinsa na zama ne a yi magana da ƙwararre.

Sai mai jego, wadda lamarinta ya fi ci mini rai. Kuka ba dalili a makon farko abu ne da mata da yawa ke yi, kuma yakan wuce kafin mako biyu. Idan ya zarce, ta daina sha'awar ɗaukar jaririn, tana cewa ita ba uwar kirki ba ce, to ciwon damuwa ne. Akwai kuma mai tsanani da ke samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, yawanci a makonni biyun farko: ta daina barci gaba ɗaya, ta rikice, ta ce ɗan ba nata ba ne ko an canza shi. Sau da yawa tana gidansu wajen wankan jego, don haka mahaifiyarta ko gwaggonta ce za ta fara gani. Inna, wannan ba na turare da jiran arba'in ba ne. A ranar za a kai ta asibiti, kada a bar ta ita kaɗai da jaririn, kuma da magani mafi yawansu suna warkewa sarai.

## Abin da ba ya jiran gobe

Idan mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko yana neman gafarar kowa yana rabar da kayansa ba tafiya zai yi ba, kada a ce neman a kula shi yake. A tambaye shi kai tsaye, cikin tausayi, ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin da ba shi da shi, sauƙi ma take kawo wa wanda ya daɗe yana ɗauke da shi shi kaɗai. In ya amsa, a zauna tare da shi, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

Wanda ya sha ƙwaya aka tashe shi ya ƙi tashi, numfashinsa na fita da ƙyar ko yana wani irin minshari, leɓɓansa sun canza launi, kada a ce a bar shi ya yi barci ta sake shi. Kada a ɗura masa madara ko manja, don zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi. Akwai allurar da ke karya ƙarfin kodin da dangoginsa cikin mintuna, ana ce mata nalokson. Haka wanda ya rikice farat ɗaya tare da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, wannan na iya zama maleriyar da ta hau kai, ko sanƙarau, ko faɗuwar suga, kuma asibiti mafi kusa za a nufa.

Akwai abin da iyaye da yawa ba su sani ba. Kulle ɗan ƙwaya a ɗaki don ta fita daga jikinsa na iya kashe shi. Wanda ya daɗe kan giya ko diyazafam ko roci, idan aka yanke masa lokaci guda, jijjiga da ruɗewa na iya biyo baya har rai ya salwanta. Likita a hankali yake ragewa, yana lura.

## Malam, mari, ko asibiti

Nan ne ra'ayi ya fi rabuwa. Masu cewa a fara da ruƙiyya suna da hujjar cewa Alƙur'ani waraka ne, kuma malam yana kusa, ya san gidan, ba ya neman kati. Ni ban ga dalilin da zai sa a ce wa Musulmi ya bar addu'a ba, kuma likitocin da suka san aikinsu ba sa faɗin haka. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a ƙauyuka tare da danginsu suna karɓar maganin asibiti, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Abin da ke cutarwa shi ne a yi shekara biyu ana yawo daga wannan malami zuwa wancan, ana sayar da gona, ba a taɓa bari likita ya gani ba, ko a ce wa majinyaci ya zubar da maganinsa don aljanu ba sa son shi. Hadisi ingantacce ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, bai kuma ware ciwon ƙwaƙwalwa ba. Malamin kirki shi ne wanda in ya yi tofi ya ga abin na ci gaba, zai ce, "Alhaji, a haɗa da asibiti."

Gidan mari kuwa lamarinsa daban. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da sama da mutum 300, manya da yara, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. A watan da ya biyo baya aka samu irinsa a Daura. A ƙarshen shekarar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ɗaure masu ciwon ƙwaƙwalwa ba a wurin malamai kaɗai yake ba, har da coci-coci da wuraren masu maganin gargajiya da wasu cibiyoyin gwamnati. Ba na zagin iyayen da suka kai 'ya'yansu can. Mafi yawansu sun gaji ne, suna tsoro, asibiti ya yi nisa, kuɗi babu. Amma sarƙa tana tsare ƙafa ne kawai. Wanda ke jin muryoyi zai fito yana jinsu, da ƙarin firgici da ƙiyayyar waɗanda suka kai shi. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawa. Ta tanadi haƙƙin majinyaci na a kula da shi cikin mutunci, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da mutum ba da son ransa ba.

Masu gudun asibiti ma ba a banza suke gudu ba. Suna cewa allura tana mayar da mutum soko, yana tafiya a sandare yana zubar da yawu. Gaskiya ne wasu magunguna, musamman tsofaffin, suna yin haka, amma alama ce ta a koma a rage ko a canza, ba a daina ba. Suna kuma tsoron a ce an ga 'yarsu a asibitin mahaukata, manema su gudu. Wannan tsoron ne ke jawo shawarar da na fi ƙi: "a yi masa aure zai natsu." Aure ba ya warkar da kamuwa, 'yar mutane kawai ake jefawa cikin abin da aka ɓoye mata.

## Ina za a je, me za a tarar

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jos duk suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, inda mutum zai shiga kamar kowane majinyaci. A Nijar akwai sashen a babban asibitin Yamai. NDLEA tana da masu ba da shawara a ofisoshinta na jihohi, kuma a 2022 ta buɗe layin kira kyauta, 0800 1020 3040. Wanda ke nesa da waɗannan ya fara da babban asibitin da ke kusa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin horar da likitoci da ma'aikatan jinya na gama-gari su gane waɗannan cututtuka, su tura wanda ya fi ƙarfinsu gaba.

Zuwan farko yawanci hira ce. Za a tambayi yaushe abin ya fara, yaya barci, me ake sha kuma nawa, ko akwai mai irinsa a dangi. A tafi da wanda ke kwana gida ɗaya da majinyacin, a tafi da kwalin ko kwalbar abin da yake sha, a kuma faɗi gaskiya, domin likita ba ɗan sanda ba ne. Mafi yawan mutane ba a kwantar da su, magani ake ba su da ranar dawowa. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, kuma ana ci gaba da shi aƙalla wata shida bayan an warware. Da yawa suna bari da sun ji dama, sai ciwon ya dawo a ce maganin asibiti ba ya yi.

In ya ƙi zuwa fa? Kada a tara masa dangi a tsakar gida ana tona masa asiri. A samu mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, kawu ko yaya ko malaminsa na allo, a lokacin da ba ya cikin maye, ya faɗa masa abin da ido ya gani ba tare da zagi ba. A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai mutumin da aka sha kawowa saboda shan giya, da wani ya tsine masa sai Annabi ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ko ya ƙi, iyaye na iya zuwa su kaɗai su ga likita su nemi shawarar yadda za su yi. Kafin nan a ci gaba da ba shi abinci da wurin kwana, amma a daina ba shi kuɗi a hannu da biya masa bashin dila.

Bayan an sallame shi aiki bai ƙare ba. Ƙididdigar cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka ta nuna kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan koma, kusan yadda masu hawan jini ke yi idan suka saki magani. Komawar ba ta nufin kuɗin ya tafi a banza, tana nufin a koma a gyara tsarin. Sai dai lokacin yana da haɗari na musamman: wanda ya yi wata uku bai sha ba, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba, in ya ɗauki irin na da a rana ɗaya numfashinsa na iya tsayawa. Don haka makonnin farko bayan dawowa daga asibiti, ko daga gidan gyaran hali, su ne na sa ido sosai, kuma in aka ga ya koma, a wannan makon za a mayar da shi wurin likitansa.